Lissafin Khalifa Mai Hula

Duk wanda ya saba bi ta unguwar Bata a Kano ya san Khalifa mai hula, in ma bai san fuskarsa ba to ya san muryarsa. Kakanninsa ne suka zo da sana'ar daga Borno, shi kuwa a Fagge aka haife shi. Yana sayar da huluna, yana wanke na mutane, kuma tsakani da Allah ya iya aikinsa. Da a nan ya tsaya da ba mu da labari. Ciwonsa guda ne: ya yarda duk faɗin Kano babu kan da ya kai nasa lissafi. Ka ce masa hadari ya haɗo, sai ya ce, "Na riga na lissafa." Ka ce masa tayar babur ɗinsa ta sace, "Na riga na lissafa." Har maƙwabtansa na kasuwa suka ajiye sunansa na yanka, suka koma kiransa Na-Riga.

Yana da ɗan gida a Kwaciri, ɗaki biyu da falo, rufin kankare, wanda wata kofaretif ta 'yan kasuwa a Sabon Gari ta saya masa yana biya wata-wata. Takardun gidan suna kulle a durowar sakataren kofaretif ɗin, Oga Chibuike, kuma ba za su fito ba sai ranar da aka biya kobon ƙarshe. Saura shekara biyu. Ba mai matsa masa, ba mai buga masa ƙofa. Mai hankali da sai ya bi a sannu.

Ana haka matarsa Kaosarat ta samu ciki. Wata ranar Lahadi mahaifiyarta, Alhaja Fausat, mai babban shagon kwanuka da tukwane a kasuwar Sabon Gari, ta zo duba ta. Alhaja mace ce da ba ta ɗaga murya, ba ta kuma ɓarar da magana a ƙasa. Ta zagaya tsakar gida, ta tsaya a wani lungu.

"Khalifa, nan ya kamata ka fasa bangon nan ka yi wa mai jego wurin wanka."

"Ai Alhaja, ba a taɓa bango sai an gama biya. Haka yake a yarjejeniya."

"Au, haka ne?" Ta gyara ɗaurin kanta. "Ashe jikana ɗan haya ne tun daga ciki. Ba komai, Allah ya raya."

Ita ta faɗa ne kawai ta wuce wurin tukunyar miya. Shi kuwa maganar ta shige shi kamar ƙaya a tafin ƙafa. Ga maƙwabciyarsu Philomena, wadda kowa ke kira Mama Uchechi, tana shanya a kan katanga, ta ji, har ta yi 'yar dariya. Nan take Khalifa ya miƙe, ya cire hularsa ya ɗaga sama.

"Alhaja, ga Mama Uchechi shaida. Ranar suna, a gaban jama'a, da hannuna zan damƙa miki takardun gidan nan. In ban yi ba, kada in ƙara sa hula a garin Kano!"

"Malam," in ji Kaosarat daga bakin ƙofa, "wata biyar fa ya rage."

"Na riga na lissafa."

Baki shi ke yanka wuya. Mai sayar da hula ya zauna a Bata kai ba hula, ai gara ya rufe shagon. Kafin la'asar ɗin Litinin labari ya zagaye layinsu kaf, har an fara yi masa tayin man shafawa saboda rana.

Dabarar Khalifa mai sauƙi ce. Duk kobon da ya shigo, a kai wa Chibuike. Shi kuwa jariri, me ya sani? Ba ya tambayar farashi, ba ya zuwa biki. Saboda haka aka daina sayen nama a gidan, aka kashe firji, shayi ya koma ruwan bunu. Kuɗin da Kaosarat ta ware na kayan haihuwa ma ya lallaɓe ta ya karɓa, da alkawarin zai kawo mata kayan da ba a taɓa gani ba a Kwaciri. Wannan alkawarin kam ya cika shi.

Ƙofar Wambai ya nufa, wurin 'yan gwanjo. Masu ƙaramin kai, in ji shi, su ke sayen riga ɗai-ɗai, mai lissafi dila yake saye. Ya samu wata 'yar dila a ƙuryar wani shago, ta yi ƙura. Mai shagon ya ce ƙananan kaya ne, ya kuma yi masa ragin da ya kamata ya sa shi tsayawa ya yi tunani. Bai tsaya ba. Ya ɗora ta a Adaidaita, ya sauke a tsakar gida, ya aika aka kira matan maƙwabta su zo su ga yadda ake cin kasuwa da ƙwaƙwalwa.

Ya yanka igiya, dila ta buɗe. Kaya masu kyau, masu laushi, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa. Kaosarat ta ɗauki ɗaya ta juya, ta sake juyawa.

"Malam, wannan hannu huɗu gare ta."

"Biyu na hannu, biyu na ƙafa. Sabon yayi ke nan."

"To wannan hudar ta baya fa?"

"Shan iska. Bature ba ya abu a banza."

"Da wannan zoben ƙarfen a wuya?"

Mama Uchechi, wadda ta yi shekara tara tana girki a gidan wasu Turawa a Bompai, ta karɓi rigar ta duba. Sai ta nemi bakin rijiya ta zauna, kafaɗunta suna rawa.

"Malam Khalifa, zoben na ɗaura igiya ne. Hudar kuma ta jela ce. Wallahi irin ta Madam ke sa wa karenta in za su fita yawo."

Tsakar gida ta kaure da salati da dariya. Wata ta yar da wadda ke hannunta ta tafi neman ruwa da ƙasa. Kaosarat ba ta yi dariya ba. Ta dube shi, idonta ya ciko, ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Abin ya sosa masa rai ƙwarai, amma da yake Na-Riga ne sai ya daure ya ce wa matan, "Ko a haka da riba. Akwai masu karnuka a Nasarawa." Sati uku yana yawo da dilar a bayan babur, bai sayar da ko safa ba. Araha dai ba ta ado.

Sai batun ragon suna. Ƙosasshen rago kuɗi ne, don haka Khalifa ya sayo wani ramamme a ƙauye, wanda in ya tsaya a rana kana iya ƙirga haƙarƙarinsa daga bakin titi. Lissafin shi ne a kiwata shi kyauta da ganyen kabejin da 'yan kasuwa ke zubarwa da ɓawon dankali. Da yake tsakar gida ba fili, sai ya hau da shi saman kankare ya ɗaure. Damina ce, rago ya kama tari. Khalifa ya duba dilarsa, ya zaro wata ja mai hular kai, da alama ta wani ƙaton kare ce, ya zura masa. Ta zauna ɗas, har jela ta samu hudarta.

"Kin gani?" ya ce wa Kaosarat. "Ba abin da na saya a banza."

"Na gani, Malam. Ragon ma ya fi ɗanka sutura."

Daga ranar mutanen layin suka samu abin kallo. Duk mai wucewa sai ya ɗaga kai ya gai da rago mai jar riga, wasu har da "Ranka ya daɗe."

A saman kankaren nan kuma Khalifa yake shanya hulunan da ya wanke, don ya daina biyan mai shanya a kasuwa. Wankin hula kuwa sai da sitati, a kifa kowace a kan ɗan kututturen katako ta bushe ta tsaya ƙyam. Rago mai cin ganyen kabeji safe da yamma ya shaƙi ƙamshin sitati. Igiyar ma ta dilar gwanjo ce, don ba a sayi sabuwa ba. Ranar wata Alhamis Khalifa ya hau kwaso huluna ya tarar da rago a tsakiyarsu yana tuƙa, zare shuɗi na lilo a bakinsa. Bakwai ya taɓa. Uku ya cinye musu tsakiya tas, ya bar zagayen kamar gammo. Cikin ukun har da ta Alhaji Bahauddeen, dillalin filaye, wadda aka yi wata huɗu ana ɗinkinta a Maiduguri.

Alhaji Bahauddeen ya zo shago ranar Juma'a da safe. Ya karɓi abin da ya rage, ya leƙa Khalifa ta cikin hudar.

"Na-Riga, wannan ma ka lissafa?"

"Alhaji, tsautsayi ne..."

"Na kawo hula, ka ba ni taga. Da ita zan je masallaci?"

Sai da Khalifa ya biya huluna bakwai. Abin da ya tara na wata guda ya tafi cikin rago, ragon kuma ko tsoka ɗaya bai ƙara ba.

Gadon jariri ma da kansa ya haɗa, da katakon akwatin tumatir. Ranar da Alhaja ta zo ya nuna mata, ya buga ƙirji ya ce ko buhun shinkafa zai ɗauka. Ba ta yi musu ba, ta ɗora jakar hannunta a kai. Gado ya yi ƙara, ya durƙusa a hankali kamar raƙumi. Alhaja ta ɗauki jakarta ta kaɗe. Washegari sai ga gado sabo da akwatin kayan jarirai an aiko daga Sabon Gari, ba saƙo ba magana. Shirun nan ya fi zagi yi masa ciwo.

Da watan haihuwa ya kama, Khalifa ya zauna ya yi lissafi na gaskiya, karo na farko a rayuwarsa. Ya biya da yawa, ba laifi, har Chibuike na mamaki. Amma saura dubu ɗari huɗu, a hannunsa kuwa ɗari da hamsin ne kacal. Ya shafa hularsa kamar mai sallama da ita.

A nan ne ya tuna sunan ɗan Fatai, yayan Kaosarat, da aka yi bara a Sabon Gari. A can ya ga abin da bai taɓa gani a sunan dangin ubansa ba. Malamai na zaune, gabansu faranti. Alfa Qudus, babban malaminsu, ya ce a yi wa kakar jariri addu'a, sai jama'a su taso suna zuba kuɗi. A yi wa 'yan kasuwa, a zuba. A yi wa matafiya, a zuba. Gefe guda kuma ga ɗan kwano, duk dangin da ke son ba jariri suna sai ya faɗi sunan ya jefa wani abu a ciki. Khalifa ya ga farantin nan ya yi tozo. Abin da bai gani ba shi ne inda farantin ya kwana, domin ana fara rabon tuwon amala ya bi kwanon abinci zuwa bayan rumfa, daga can ya wuce kasuwa.

Ya yi tsalle ya shiga ɗaki. "Kaosarat! Sunan nan irin na gidanku za a yi. Da Alfa, da faranti, da komai."

Ta dube shi a karkace. "Kai da ka ce bidi'ar kashe kuɗi ce?"

"Girmama surukai ne."

"Malam, me ka lissafa kuma?"

"Ke dai ki haihu lafiya."

Da ya faɗa mata, da kalma biyu ta warware masa. Amma mai lissafi ba ya shawara da mai ciki. Ya wuce ofishin kofaretif.

"Oga Chibuike, ranar suna ka zo da takarduna da rasit. A wurin zan cike maka, a gaban jama'a."

Chibuike, haifaffen Sabon Gari, ya sauke tabarau. "Malam Khalifa, wa ya kore ka? Shekara biyu gare ka. Ka je ka sayi madara."

"Kai dai ka zo."

"Kuɗin daga ina?"

"Daga sama."

"To. Za a yi dafa-duka?"

"Har da kaza."

"Zan zo. Amma ka sani, takarda ba ta fita jakata sai kuɗi sun shiga."

Allah ya sauki Kaosarat lafiya, ta haifi mace, mai gashi, mai ƙarfin murya irin na ubanta. Khalifa ya ɗauke ta a asibiti, ya yi mata huɗuba, ya ji wani abu ya narke a ƙirjinsa. Na ɗan lokaci har ya manta da takardu. Da ya fito waje iska ta buge shi, sai lissafi ya dawo.

Kwana shida ya yi yana gayya. Ya gayyaci layin 'yan hula, ya gayyaci 'yan kwanuka, 'yan gwanjon Wambai, masu Adaidaitan Bata, har mai shagon da ya sayar masa da dila. Kowa ya ce masa, "Ka taho da canji." Ya je shagon Alhaja ya ari faranti mafi girma, irin wanda ake zuba wa mutum goma abinci.

"Me za ka yi da wannan?" in ji ta.

"Na addu'a ne, Alhaja. Ƙarami ba zai isa ba."

Alhaja ta dube shi. "Kai, Alfa Qudus zai ji daɗinka," ta ce. Khalifa ya ɗauka yabo ne.

Ranar suna da hantsi layin ya cika maƙil. An kafa rumfa, an jera kujeru, Alfa Qudus, limamin dangin su Alhaja, ya zauna da malamai biyu. Chibuike na gefe rungume da jaka. Aka sauko da rago, kuma cikin gaggawa aka manta ba a tuɓe shi ba. Ya ratso taro da jar rigarsa, hular na lilo a ƙeya. Mahauci ya zagaya shi sau biyu.

"Maigida, da rigar zan yanka? Don ina tsoron in na cire ba abin da zai rage."

Aka yi dariya har da masu tari. Khalifa ya yi kamar bai ji ba, idonsa na kan faranti. Aka raɗa suna Ruwaida. Dangin uwa suka fara jefa nasu sunayen a ɗan kwano, Alhaja ta ce Damilola, wata gwaggo ta faɗi nata, wani kawu ya faɗi nasa. Khalifa ya ga ana ɓata lokaci a kan ƙaramin kwano, sai ya karɓe lasifika.

"Jama'a, sunaye sun isa haka, yarinya ɗaya ce! A dawo wurin addu'a. Alfa, a yi wa masu sayar da hula!"

Aka yi, 'yan hula suka zuba.

"A yi wa masu Adaidaita, Allah ya raba su da faci!"

Suka zuba.

"A yi wa masu ciwon gwiwa! A yi wa waɗanda aka ɗauke musu wuta tun Talata! A yi wa duk wanda ke bin wani bashi, a kuma yi wa wanda ake bi!"

Nan kam kowa ya taso. Alfa Qudus yana addu'a yana share gumi, yana duban Khalifa da so da ƙauna, don shekara talatin yana zuwa suna bai taɓa gamuwa da uban jariri mai son lada haka ba. Da zubin ya fara ja baya, Khalifa ya tuna cewa kuɗi ke kiran kuɗi. Ya zaro dubu ɗari da hamsin ɗinsa daga aljihu, ya ɗaga kowa ya gani, ya warwatsa su a faranti.

"Ni uban yarinya, ga tawa sadakar! Allah ya karɓa!"

"Amin!" in ji Alfa, da ƙarfin da lasifika ta yi ƙara.

Dabarar ta ci. Alhaji Bahauddeen ya ga mai wankin hula zai fi shi, ya zuba damƙa guda. Faranti ya yi tozo har yana zuba. Khalifa ya auna da ido, ya ga ya haura. Ya gyara hula, ya juya wa malamai baya, ya fuskanci rumfar mata.

"Jama'a, shiru! Wata biyar da suka wuce an ce 'yata 'yar haya ce. Na yi alkawari, yau ga ranar. Oga Chibuike, matso da takardu! Alhaja, a taso a karɓa!"

Chibuike ya matso, ya buɗe rasit. "Dubu ɗari huɗu, Malam Khalifa."

"Ƙirga abinka a cikin..." Ya juya yana nuni.

Faranti na nan wayam, wal, har yana ɗaukar ido. Ɗaya daga cikin malaman yana ɗaure bakin wata jakar buhu.

"Alfa! Ina za a kai wannan?"

"Gida, in sha Allahu. Mu raba da malamai, a kai na masallaci."

"Gidan wa?"

"Ah-ah. Kuɗin addu'a ai na masu addu'a ne, Baban Ruwaida. Haka muka gada."

"Ba na uban jariri ba ne?"

"Uban jariri nasa lada ne. Kuma yau ka kwashi mai yawa."

"To nawa da na zuba fa? Ai iri na sa!"

"Da bakinka ka ce Allah ya karɓa," in ji Alhaji Bahauddeen daga kujerarsa. "To ya karɓa. Na-Riga, wannan ba ka lissafa ba?"

Duk wannan a cikin lasifika aka yi shi, don Khalifa ya manta tana hannunsa. Dariyar da aka yi sai da aka jiyo ta a Rijiyar Lemo. Mama Uchechi ta zame daga kujera. Mai dilar Wambai ya riƙe ciki yana neman ruwa. Chibuike ya rufe rasit a hankali, ya mayar da takardu jaka, ya ja zif. Ƙarar zif ɗin nan Khalifa ya ji ta har cikin haƙoransa.

Ya tsaya a tsakiyar rumfa. Ya hango Kaosarat a bakin ƙofa da jaririya a kafaɗa, ta rame, wata biyar ba nama, sanye da atamfar da uwarta ta ɗinka mata don shi bai ɗinka ba. Kunya ta rufe shi, irin wadda ba ta da wurin ɓuya. Bai ce ya lissafa ba. Ya sa hannu biyu ya cire hularsa, ya ajiye ta a cikin farantin, ya sunkuyar da kai. Dariya ta mutu da kanta.

Alfa Qudus ne ya fara magana. Ya kwance jakar, ya ƙirgo dubu ɗari da hamsin. "Abin da aka zuba da niyyar tarko ba sadaka ba ne, ba za mu ci ba. Amma kai ma ba za ka gan shi ba." Ya jefa su a ɗan kwanon sunaye. "Na Ruwaida ne."

Alhaja Fausat ta taso, ba gaggawa. Ta ɗauki ɗan kwanon nan da Khalifa ya raina.

"Wannan shi ne na jaririya, Khalifa, shi ka kori mutane daga kansa." Ta juya ga rumfa. "Akwai wanda aka hana shi ba jikata suna?"

Ai kuwa sai layi. Gwaggonni da kawunnai suka dawo da sunayensu, Mama Uchechi ta ba da nata, 'yan hula suka haɗa kuɗi suka ba da nasu, har Chibuike ya jefa wani abu. Kafin a gama yarinya ta tashi da suna goma sha tara. Alhaja ta ƙirga, ta kwance bakin zanenta ta cike giɓin a matsayin tukuicin kaka, ta miƙa wa Chibuike.

"Rubuta rasit. Ka rubuta cewa Ruwaida ce ta ranta wa ubanta, zai biya ta wata-wata, ta hannun uwarta."

Chibuike ya rubuta yana murmushi, ya zaro takardu ya ba Khalifa.

"To, cika alkawarinka," in ji Alhaja, ta buɗe tafin hannu.

Khalifa ya durƙusa har ƙasa ya damƙa mata. Ba ta ko buɗe ba. Ta wuce wurin Kaosarat, ta soke takardun a cikin zanen da aka naɗe jaririya, sannan ta dawo ta ɗauko hular daga faranti ta kaɗe ta.

"Ungo, sa abarka. Jikata dai ba 'yar haya ba ce. Kai ne ɗan haya, kuma mai gidan ba ta son ganin mutum kai ba hula."

Ragon, da aka tuɓe shi, bai ƙosar da layi ɗaya ba, sai da kajin Alhaja suka rufa asiri. Dilar gwanjo kuwa Mama Uchechi ta kai wa tsohuwar uwar ɗakinta, aka saye ta kaf, kuɗin suka shiga asusun Ruwaida.

Yanzu in ka bi ta Bata za ka ga Khalifa da hularsa, amma sunan Na-Riga ya ɓace, sai dai ka ji ana, "Ɗan haya, ya mai gida?" Shi kuma ya ce, "Tana nan, ta fara haƙori." Yakan ce Chibuike mutumin kirki ne, sau ɗaya yake nema a wata, wannan kuwa ba ta san Juma'a ba, ba ta san Lahadi ba, kuma ba a yi mata magana ta ofis sai an goya ta.

Ranar da aka fasa bangon lungun nan za a yi wurin wanka, magini ya tambaye shi bulo nawa za a sayo. Khalifa ya buɗe baki, kalmar ta zo har kan harshensa. Sai mai gida ta miƙo hannu daga kafaɗarsa, ta fizge hular ta kai baki. Ya bar mata, ya leƙa ɗaki.

"Maman Ruwaida," ya ce, "zo ki lissafa mana."